Shin afdet ne ke sa waya nauyi? Labarin Spectre, Meltdown da gudun wayarka

Akwai wata tambaya da ba ta tsufa a wannan tasha tamu, kusan duk bidiyon da na ɗora sai wani ya jefo ta: "Don Allah in yi afdet ko in ƙyale? An ce yana sa waya nauyi." Daga Kumasi an tambaye ni, daga Jidda an tambaya, nan Ingila ma haka. Wasu ma ba tambaya suke yi ba, sanar da ni suke cewa sun toshe afdet gaba ɗaya, alhali da wannan wayar suke shiga banki, da ita suke tura kuɗi gida duk ƙarshen wata.

Maganar tana da tushe. An taɓa yin gyaran tsaro da ya rage wa na'urori gudu, kuma kamfanonin da bakinsu suka amsa. Amma wace na'ura, kuma da kashi nawa? Nan ne labari ya cakuɗe. Minti goma na bidiyo ba zai ɗauke shi ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta.

Makon farko na 2018

Ranar 3 ga Janairun 2018 aka bayyana wa duniya wasu ɓarakoki biyu da aka raɗa wa suna Meltdown da Spectre. An shirya sanarwar ne ranar 9 ga wata, sai jaridar The Register ta nan Ingila ta tsegunta labarin tun ranar 2, dole aka gaggauta. Jann Horn na rukunin Project Zero a Google yana cikin waɗanda suka gano su, kuma tun Yunin 2017 ya sanar da Intel da AMD da ARM a asirce. Masu bincike na jami'ar fasaha ta Graz a ƙasar Austriya, irin su Daniel Gruss da Moritz Lipp da Michael Schwarz, su ma sun gano ta hanyarsu, haka shi ma Paul Kocher a Amurka.

Abin da ya girgiza mutane shi ne inda matsalar take. An saba jin ɓaraka a manhaja, a rubuta gyara a tura, shi ke nan. Wannan karon a cikin furosesa take, wato ƙwaƙwalwar na'urar kanta, a tsarin da aka ƙera ta. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Masu binciken Meltdown sun ce kusan duk furosesar Intel tun daga 1995 za ta iya shiga ciki, in ka cire Itanium da tsofaffin Atom na kafin 2013. Spectre kuwa ba ta bar Intel ba, ba ta bar AMD ba, ba ta bar ARM ba. ARM kuma, kun sani, shi ne tsarin da ke cikin kusan kowace waya da ke aljihunmu.

Mai shayin da ke hasashe

Furosesar waya tana bugawa sau biliyan biyu zuwa uku a daƙiƙa ɗaya. RAM ba ya iya binta. In ta aika a ɗauko mata wani bayani daga RAM, za ta iya zaman jira na bugu ɗari biyu ko fiye. Injiniyoyi suka ga wannan zaman asara ne, sai suka koya mata hasashe.

Ku ɗauki mai shayin unguwarku. Ya hango ka tun daga kwana, ya san kullum shayi mai madara kake sha, kafin ka zauna ya riga ya fara haɗawa. Yawancin lokaci ya dace, ka samu shayinka nan take. Ran da ka ce yau baƙi kake so, sai ya ture wancan kofin ya sake wani. Haka furosesa take yi. In ta zo mararraba a cikin manhaja, ba ta jiran amsa, sai ta duba abin da aka saba ta bi wannan hanyar. In ta dace an ci riba, in ta kuskure ta goge aikin kamar ba a yi ba. Fiye da shekara ashirin kowa ya yarda cewa gogewar tana share komai.

To, ba ta sharewa. Mai shayi ya ture kofi, amma gwangwanin madarar da ya ciro daga akwati yana nan kan tebur. Wanda ya zo bayanka, in ya nemi madara ya ga an miƙo masa ba tare da an buɗe akwati ba, ya san wani ya riga ya sa an ciro ta. Teburin nan shi ne ma'ajiyar kusa da ke jikin furosesa, wadda ake kira kash. Abin da ke kash yana zuwa da sauri, abin da ke RAM yana ɗaukar lokaci, kuma manhaja tana iya auna bambancin.

Ga yadda ɓarawo ke amfani da wannan. Ya jera gwangwanaye 256 a akwati, ɗaya ga kowace lambar da bait guda zai iya zama. Sai ya ce wa furosesa: ki leƙa wancan sirrin, lambar da kika gani ki ɗauko min gwangwani mai wannan lambar. Cikin hasashe ta leƙa, ta ga 65, ta ciro gwangwani na 65. Can sai ta farga cewa ba shi da izini, ta soke aikin. Shi kuma ya bi gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya da agogo a hannu. Wanda ya zo da sauri shi ne amsar. Ya samu harafi ɗaya na kalmar sirrinka, ya koma na gaba. Masu binciken Meltdown sun nuna ana iya kwasar kusan kilobait 500 a daƙiƙa ta wannan hanyar.

Bambancin biyun shi ne wannan. A Meltdown, furosesa tana ɗauko bayanin kafin ta gama duba izini, don haka ƙaramar manhaja za ta iya karanta ma'ajiyar kanel, wato zuciyar tsarin aikin na'ura inda komai yake. A Spectre kuwa, ɓarawo yana horar da mai hasashen ne har ya saba da wata hanya, sannan ya sa wata manhaja ta tona asirin kanta. Meltdown ta fi sauƙin aiwatarwa kuma ta fi sauƙin toshewa. Spectre ta fi wuya ta kowane ɓangare, kuma an nuna ana iya yin ta da JavaScript a cikin burauza. Ma'ana, buɗe shafin intanet kawai ya isa.

Wace waya abin ya shafa?

Nan akwai abin dariya. Kamfanin ARM ya fitar da jerin ƙirarsa da abin ya shafa. Manyan masu gudu irin su Cortex-A57, A72, A73 da A75 duk Spectre ta kama su. Cikin ƙirar ARM ta lokacin, Cortex-A75 ce Meltdown ta kama sosai, kuma a kanta aka gina manyan ƙwayoyin Snapdragon 845, wadda ke cikin Pixel 3, OnePlus 6 da Pocophone F1. Amma Cortex-A53 da A7, ƙananan da ke bin umarni a jere ba tare da zurfafa hasashe ba, ba sa cikin jerin.

A53 ɗin nan ita ce kaɗai ke cikin Helio A22, P22 da G35 na MediaTek, da Snapdragon 625. Wato da yawa daga cikin ƙananan Tecno, Infinix da Redmi da 'yan uwanmu ke riƙewa a Kano, Yamai ko Zangon Accra sun tsira daga wannan ɓarakar, wayar fam ɗari bakwai kuma ta faɗa. Rashin gudun ne ya cece su. Kada dai mai irin wannan waya ya saki jiki, zan dawo kansa a ƙasa.

Apple kuma bai yi nuƙu-nuƙu ba. Ranar 4 ga Janairu ya ce duk Mac da duk na'urar iOS abin ya shafe su, sai dai a lokacin ba a san wani hari da aka kai wa masu amfani da su ba.

Inda gudu ya ragu da gaske

Tunda ba za a iya buɗe na'urori biliyoyi a canza musu ƙwaƙwalwa ba, dole a kewaye matsalar da manhaja. Maganin Meltdown shi ne a raba taswirar ma'ajiyar kanel da ta sauran manhajoji, abin da a Linux ake kira KPTI, wanda ya samo asali daga aikin KAISER na mutanen Graz. A da, kanel da manhaja kamar ɗaki ɗaya suke da labule a tsakani. Yanzu an gina bango an sa ƙofa. Duk lokacin da manhaja ke son buɗe fayil ko aika wani abu ta intanet, sai ta buɗe ƙofa ta rufe. Sau ɗaya ba komai ba ne. Sau dubu ɗari a daƙiƙa kuwa, za ka ji a jikinka.

Shi ya sa waɗanda suka fi shan wuya su ne manyan sabobi masu rumbun bayanai, waɗanda aikinsu ke nan shiga da fita. Alƙaluman kashi 5 zuwa 30 cikin ɗari da suka zagaye duniya a makon, daga wannan ɓangaren suka fito, kan furosesar Intel. Microsoft ya yi bayani ranar 9 ga Janairu cewa kwamfuta mai Windows 10 da furosesar 2016 zuwa sama ragin bai kai kashi 10 ba, yawancin mutane ba za su lura ba, amma mai Windows 7 ko 8 a kan tsohuwar furosesa zai lura. Intel kuma ya fitar da gyaran Spectre da ya riƙa sa wasu kwamfutoci suna mutuwa suna tashi da kansu, har ranar 22 ga Janairu ya ce a dakatar da sa shi.

Duk wannan gaskiya ne. Amma ku lura, labarin kwamfuta da saba ne. Da ya iso guruf-guruf na WhatsApp sai aka cire kalmar saba aka sa waya.

A waya fa?

Apple ya ce ya riga ya toshe Meltdown tun a iOS 11.2 ta Disambar 2017, kuma a gwajin Geekbench 4 bai ga ragin da za a iya aunawa ba. Gyaran Spectre na Safari ya zo a iOS 11.2.2 ranar 8 ga Janairu. A kansa Apple ya ce babu ragi a gwajin Speedometer da ARES-6, a JetStream kuma bai kai kashi 2.5 ba. Eh, kamfani ne ke auna kansa, don haka a ɗan yi taka-tsantsan. Amma dalilin yana da ma'ana. Abubuwan da muka fi yi da waya, kallon bidiyo, gem, kyamara, yawancinsu wasu sassa na musamman ne ke ɗaukar nauyinsu, irin su na'urar zane da mai warware bidiyo, waɗanda gyaran bai taɓa ba.

A Android, Google ya saka matakan kariya a gyaran tsaro mai kwanan wata 5 ga Janairun 2018. Ɗaya daga cikin dabarun ita ce a dakushe agogon. Tunda harin ya dogara ne ga auna lokaci daidai-wa-daida, in ka hana manhaja agogo mai kaifi ka wahalar da ɓarawo, kuma wannan ba ya cin gudu. Burauzoji ma haka suka yi, Chrome da Firefox da Safari duk sun rage kaifin agogonsu.

Inda aka biya farashi na zahiri shi ne RAM. Maganin da Chrome ya dogara da shi daga baya shi ne ware kowane shafi a ɗakinsa, ta yadda ko mugun shafi ya leƙa, ba abin da zai gani sai nasa. A kwamfuta, da aka kunna shi a Chrome 67 a 2018, Google ya ce yana ƙara cin RAM da kashi 10 zuwa 13. A Android sai 2019 ya zo, a Chrome 77, kuma ga wayoyi masu RAM gig 2 zuwa sama kawai, a kan shafukan da ake shigar da kalmar sirri, da ƙarin kashi 3 zuwa 5. Wannan shi ne girman abin. In wayarka ta koma tafiyar hawainiya, kashi biyar na RAM a burauza ba zai zama dalili ba.

Rikicin iPhone 6

Akwai dalilin da ya sa jita-jitar ta kafu a kan iPhone musamman. Bayan fitar iOS 11.2.2, an yaɗa wani gwaji da aka yi a kan iPhone 6 guda ɗaya, wanda ya nuna faɗuwar kusan kashi 40. Shafuka suka ɗauka. Wasu da suka maimaita gwajin a wayoyinsu ba su ga haka ba.

Abin da ya faru shi ne, makonni kaɗan kafin nan, a Disambar 2017, John Poole na Geekbench ya nuna da alƙaluma cewa iPhone masu tsohon batir suna rage gudu. Apple ya amsa cewa tun iOS 10.2.1 yake rage wa iPhone 6, 6s da SE ƙarfi in batir ya gaji, don kada su riƙa mutuwa haka kawai, kuma ya ƙara iPhone 7 a iOS 11.2. Kun ga matsalar? Afdet ɗin da ya kawo maganin Meltdown shi ne ya kawo rage gudun batir a iPhone 7. Mai wayar ya yi afdet, waya ta yi nauyi, labarai na ta maganar furosesa, me kuke so ya ɗauka?

Apple ya ba da haƙuri ranar 28 ga Disamba, ya rage kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa 29, sannan ya kawo Battery Health a iOS 11.3. A 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 saboda bai sanar da mutane ba, a Amurka kuma ya amince ya biya har dala miliyan 500. Don haka wanda ya ce afdet ya taɓa rage wa iPhone gudu bai yi ƙarya ba. Batir ne dalili, kuma maganinsa sabon batir.

Abin bai ƙare ba

An gyara Meltdown a jikin ƙarfe. Cortex-A76 da ARM ya sanar a 2018 da waɗanda suka biyo bayanta ba sa buƙatar wancan bangon. Spectre kuwa, kamar yadda sunanta ya nuna, fatalwa ce mai dawowa, domin ba wanda zai yarda a daina hasashe a koma gudun shekarun baya. A Maris 2022 masu bincike na VUSec a Amsterdam suka fito da sabon salo da ARM ya kira Spectre-BHB, ya shafi har A78 da X2. A Oktoban 2023 aka nuna iLeakage, hari ta Safari a kan furosesar Apple, kuma tunda a lokacin duk burauzar iPhone injin WebKit take amfani da shi, Chrome na iPhone ma bai fita ba. A Janairun 2025 masu bincike daga Georgia Tech da jami'ar Ruhr ta Bochum suka bayyana SLAP da FLOP, ta farko daga A15 zuwa sama, ta biyu daga A17.

Wato magana ce da za mu ci gaba da ji, kuma duk lokacin da aka gano sabuwa, kariyar ta hanyar afdet za ta zo. Wayar da aka toshe wa afdet ta tsaya a inda aka bar ta.

Kuma in faɗa muku gaskiya, Spectre ba ita ce ta fi ba ni tsoro ba. Afdet ɗin wata-wata yana ɗauke da gyaran ɓarakoki da dama waɗanda suka fi ta sauƙin amfani. A 2021 an kama manhajar leƙen asiri ta Pegasus tana shiga iPhone ta iMessage ba tare da mai wayar ya taɓa komai ba, iOS 14.8 ce ta toshe ƙofar. Mai ƙaramar wayar A53 da na ce ya tsira daga Spectre, in shekara uku rabonsa da gyaran tsaro, ya fi mai sabuwar Pixel zama cikin haɗari nesa ba kusa ba. Ƙin afdet don tsoron rasa kashi biyu na gudu, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Shawarata

Ka yi afdet na tsaro duk lokacin da ya zo. In babban afdet ne, irin sauya lambar Android ko iOS, ba laifi ka jira mako ɗaya ka ji abin da masu irin wayarka ke cewa, sannan ka adana bayananka ka yi.

Kada ka yanke wa waya hukunci a ranar da ka yi afdet. Kwana ɗaya ko biyu na farko tana aiki a ɓoye, Android yana sake shirya manhajoji, iPhone yana sake tantance hotuna da fayiloli. Za ta yi zafi, caji zai riƙa zuba. In za ka yi gwaji da Geekbench ko AnTuTu, ka bari ta huce, caji ya haura rabi, ka kashe yanayin tattalin batir, ka maimaita sau uku. Ni haka nake yi kafin in faɗi wata lamba a bidiyo.

In har yanzu da nauyi, ka duba abu uku. Batir: Apple ya ce na iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 bayan caji cikakke 500, wanda ga mai yawan danna waya bai kai shekara biyu ba. Ma'ajiya: in ta kusa cika, komai zai ja ƙafa. Zafi: 'yan uwa na Makka, Injamena da Khartoum, wayar da ke caji a gaban mota da tsakar rana da kanta za ta rage gudu don kada ta lalace.

Ka sabunta burauzarka. Ko kamfanin wayarka ya manta da kai, Chrome da Firefox suna zuwa ta Play Store, kuma a burauza ne harin irin Spectre ya fi samun ƙofa.

Sai mu masu aika waya gida. Kafin ka sayi ta hannu ka ba Hajiya ko ƙaninka, ka duba ko har yanzu ana yi mata afdet. iPhone 6 a iOS 12 ta tsaya, 6s da 7 a iOS 15, 8 da X a iOS 16. A Android ka shiga saiti, wajen bayanin waya, ka karanta kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In sabuwa za ka saya, Google ya yi alƙawarin shekara bakwai daga Pixel 8, Samsung ma haka daga Galaxy S24. Nan Birtaniya tun Afrilun 2024 doka ta tilasta wa kamfani ya faɗi tsawon lokacin da zai riƙa turo gyaran tsaro, Tarayyar Turai kuma daga Yunin 2025 ta ɗora aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Wannan lambar, a wurina, ta fi adadin megafiksel na kyamara muhimmanci.

Wanda ke son ya san wace furosesa ce a wayarsa, ya sauke CPU-Z ya duba. Ku turo min sunan wayarku da kwanan watan gyaran tsaronta na ƙarshe, ina so in ga kamfanonin da ke riƙe alƙawari da waɗanda ke sayarwa su juya baya. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.